Rumfar Kawu: yadda aikin gyaran teburin shayi yake tafiya a Kurna

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau muka auna wurin. Ƙafa goma sha takwas daga jikin katangar maƙwabci zuwa bakin kwata, goma sha biyu ta ɗaya ɓangaren. Kawu ya riƙe bakin igiya, ni na riƙe ɗaya bakin, masu shan shayi na zaune a benci kowa yana ba da shawara. Wani direban A Daidaita Sahu ya ce a ja rumfar har bakin titi, wani dattijo ya ce a bar ta inda inuwar darbejiya take faɗawa da hantsi. Maganar dattijon muka bi.

Shekara ashirin da shida ke nan Kawu yana sayar da shayi a kan teburin nan, a unguwar Kurna da ke Kano, nesa kaɗan da hanyar Katsina. A nan na yi wayo. Tun ina firamare nake wanke masa kofuna kafin in wuce makaranta, ladana kuwa guntun burodi da aka tsoma a shayi mai madara. Teburin bai canza ba tun lokacin: katako ne da aka shimfiɗa wa leda, gwangwanayen Milo da Bournvita da madara an jera su kamar bene, burodi a gefe, kiret ɗin ƙwai a ƙarƙashi, benci uku sun kewaye shi. Damina ta zo a ja tamfol, hunturu ya zo a sha ƙura.

Abin da ya sa na tashi tsaye shi ne duhun da aka yi a ƙarshen Oktoba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki babu wutar lantarki. Na zo da dare na tarar da Kawu yana soya ƙwai, yaronsa na haska masa kasko da fitilar waya. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya. Abin ya tsaya min a rai. Wannan watan ni ne da ɗaukar adashi a makarantar da nake koyarwa, sai na ce kuɗin nan a nan za su zauna: rumfar kwano, daɓen siminti, sola, murhun gas, kujeru. Ina kuma so a fara sayar da gahawa ta gaske, wadda ba ta cikin leda ba.

Sharaɗi ɗaya Kawu ya gindaya. Ya ce, "Ɗan nan, ka yi duk abin da za ka yi, amma ba za a wayi gari ko sau ɗaya mutum ya zo nan bai sami ruwan zafi ba."

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na je Ƙofar Ruwa na sayo kwano da bututun ƙarfe da siminti buhu shida. Na ba mai walda rabin kuɗinsa, ya ce mako ɗaya.

Tun ranar Litinin nake zuwa bayan sallar asuba ina zama da littafi, ina rubuta abin da kowa ya saya, don in san girman murhun da za mu nema. Ban taɓa kallon wurin da wannan idon ba. Masu fara zuwa su ne masu gadi da suka kwana a waje da waɗanda suka fito daga masallaci. Sai direbobi, sai leburori masu jiran motar da za ta kwashe su zuwa wurin gini, sai 'yan dakon da za su nufi Dawanau. Wajen ƙarfe bakwai yara 'yan makaranta su zo da kofin gida a zuba musu. Ƙarfe tara ta yi, sai tsofaffin 'yan fansho da rediyonsu, su ne masu zama har rana ta yi zafi.

Kawu ba ya tambayar kowa me za a ba shi. Yana hango mutum ya tsallako kwata hannunsa ya riga ya kai kan gwangwanin da ya dace. Cokali biyu na madara, ɗaya na Milo, suga, ya ɗebo ruwan da ya sha citta da kanumfari da na'a-na'a ya tace a kai, sannan ya ɗaga kofi sama ya sheƙo shi cikin na ƙasa, sau huɗu ko biyar, har kumfa ta taso, ko ɗigo bai zuba ba. Na gwada a gida da ruwan sanyi, da sauran aiki a gabana.

Amma abin da littafin ya nuna min ya dame ni. Mutanen da na sani da haɗin kauri, yanzu ruwan bunu suke sha. Mai cin Indomie biyu da ƙwai biyu ya koma ɗaya babu ƙwai. Burodi kuwa rabi ake yanka, wani ma kwata. Kawu ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin yake ja da baya, kuma duk zuwan da zai yi kasuwar Singa sai ya tarar da suga ko madara sun ƙara kuɗi. Bai rage cokalinsa ba. Ya ce gara ya gaya wa mutum gaskiya an ƙara kuɗi da ya ba shi ruwa ya kira shi shayi.

Lahadi, 8 ga Disamba

Mako ɗayan mai walda ya zama kwana goma sha takwas. Sau huɗu ina zuwa shagonsa, kullum da sabon uzuri, ƙarafunanmu na jingine ko taɓa su bai yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don sanyi ya riga ya sauka kuma hazo ya rufe gari. Jiya dai ya zo ya kafa ginshiƙai, yau an ɗora kwano.

Daɓen da dare aka yi shi, rabi-rabi. Mun ja teburin zuwa gefe ɗaya, magini ya zuba wancan gefen, bayan kwana uku muka juya. Ba a fasa shayi ko sau ɗaya ba.

Alhamis, 19 ga Disamba

Yau mun sami saɓani da Kawu, kuma ina so in rubuta shi yadda ya faru.

A lissafina, wurin karin kumallo ba ya cika sai da koko da ƙosai. Na riga na yi magana da wani a Dawanau kan wake, na kuma tambayi Inna, matar Kawu, ko za ta riƙa yin ƙullu da gasara a gida ana kawowa. Ta amince. Da na kawo maganar, Kawu ya ajiye mataci ya nuna min tsallaken layi da haɓa. A can akwai wata baiwar Allah da take suyar ƙosai a ƙofar gidansu tun kafin in shiga sakandare. Mijinta ya rasu shekaru da dama, da kaskon nan ta aurar da 'ya'ya biyu.

Ya ce, "Ka san mutum nawa ne suke sayo ƙosanta su zo nan su ci da shayina?"

Na ce, "Na gani, Kawu. Shi ya sa na ce mu ma mu yi, ciniki ne yake wuce ku."

Ya ce, "Bai wuce ni ba, ya je inda Allah ya aike shi. Ranar da muka ɗora kasko a nan, nata ya mutu. Da wane ido zan gaishe ta da safe?"

Ban ji daɗi ba a lokacin, don na riga na saka ribar ƙosan a lissafin mayar da kuɗin sola. Na tafi makaranta ina ta juya maganar. Da yamma na dawo da wata shawara: tunda rumfar ta fi teburin girma, me zai hana ta dawo da kaskonta kusurwar gabas, inda hayaƙi zai fita waje? Tana samun inuwa da haske, mu kuma masu shayi ba sai sun tsallaka layi ba. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce shi ba zai je da kansa ba, kada ta ji nauyi ta amsa abin da ba ta so. Inna za ta je.

Juma'a, 3 ga Janairu, 2025

Mai ƙosai ta dawo rumfa tun ranar Litinin, da kaskonta da murhunta da jikarta mai miƙa wa mutane. Ta kawo koko a babbar roba mai murfi. Ba ta biyan ko sisi, sai dai ta dage ita za ta riƙa sayen ruwan jarka biyu daga 'yan garuwa kullum. Ƙamshin wurin ma ya canza. Yanzu mutum yana zaune za a tsamo masa ƙosai daga mai, a barbaɗa yaji, ya haɗa da burodi ya danne.

Sola ta hau, ƙwan fitila huɗu da wurin cajin waya. Murhun gas ya zo, a kansa ake Indomie da wainar ƙwai. Ruwan shayi kuwa Kawu ya ce a bar masa shi a kan gawayi, don tukunyar tana son wuta mai ci a hankali, kuma da sanyin nan mutane suna miƙa hannu suna jin ɗumi. Na yarda da shi.

Inda aka sami matsala kujeru ne. Na sayo ƙananan tebura huɗu na roba, kowanne da kujeru huɗu, irin yadda na gani a wuraren shan gahawa na Nasarawa da Abuja. Muka kai bencina bayan gida. Kwana huɗu aka yi a haka. Ciniki bai ragu sosai ba, amma wurin ya yi tsit. Leburori suka riƙa karɓar shayi suna sha a tsaye, wani ya ce min kayansa da siminti, kada ya ɓata kujera. In mutum biyu sun zauna a tebur, na uku da bai san su ba sai ya ji nauyin jan kujera ya zauna a kansu. Tsofaffin nan masu rediyo suka rabu gida biyu, musun da suke yi kan labaran safe ya mutu, don sai an ɗaga murya. Kawu kansa ya koma kamar mai aiki a kicin, kowa ya ba shi baya.

A benci babu wannan. Mutum ya zo ya yi sallama, a matsa masa, kafaɗarsa na gogar ta wanda bai taɓa gani ba, kowa yana fuskantar mai shayi. Malamin makaranta da ɗan dako duk layi ɗaya. Shekara da shekaru ina zama a kai ban lura da aikin da yake yi ba sai da na ɗauke shi.

Jiya da dare ni da yaron Kawu muka dawo da bencina ukun, kafinta zai ƙara mana ɗaya. Na bar tebur ɗaya da kujerunsa a kusa da mai ƙosai, kuma ya yi amfani ta inda ban zata ba: mata biyu ma'aikatan asibiti da suke sayen shayi a leda su wuce, yau sun zauna sun sha a nan. Sauran ukun zan mayar wa mai shagon ko da ragi ne.

Talata, 21 ga Janairu

Maganar gahawa.

Abin da aka sani a teburin mai shayi shi ne Nescafé, ɗan ƙulli a zuba a ruwan zafi, yawanci direbobin dare ne masu nema don ya hana su barci. Ni kuma na san a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba ana noman gahawa, a can ne ma gonar shayin Kakara take, inda ake yin ganyen Highland. Wani abokina da ya yi hidimar ƙasa a Gembu, garin da ke kan tsaunin, ya haɗa ni da wanda ya aiko min da ɗanyen 'ya'yan gahawa kwano biyu a mota. Launinsu kore-kore, ba su da wani ƙamshi, kamar busasshen wake.

Karon farko na soya su a kasko da wuta mai ƙarfi, bayansu ya ƙone cikinsu bai soyu ba. Wanda ya ɗanɗana ya ce maganin shawara ne. Karo na biyu ma bai yi ba. Har kalmar ta ba mu wahala, don in ka ce wa mutum "za ka sha kofi?" sai ya ce kofin me, shi ya sa na rubuta GAHAWA a jikin allo.

Allon nan ne ya jawo mana malami. Akwai wani dattijo da yake zuwa wajen ƙarfe tara, ba ya yawan magana, baƙin shayi kawai yake sha. Ashe a Sudan aka haife shi, a garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, inda Hausawa da Fulani da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna. Ya yi yawancin rayuwarsa a Khartum, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ne ya dawo da shi wurin dangi a Kano. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Yaro, kawo 'ya'yan in gani."

Ya murza su a tafin hannu, ya shinshina. Ya ce a rage gawayin. Ya zuba ɗan kaɗan a ƙaramin kasko, abin da bai fi cikin hannu biyu ba, ya riƙa girgiza shi ba tsayawa. Suka koma ruwan ƙasa, suka fara ƙara ƙas-ƙas, mai ya fito a jikinsu suna sheƙi. Sai ya ɗauke kaskon ya zagaya da shi gaban mutanen benci, kowa ya jawo hayaƙin da hannu zuwa hancinsa. Ya ce a can haka ake yi, baƙo yakan fara shan ƙamshi kafin ya sha ruwan. Ya daka su da zafinsu a ƙaramin turmin Inna tare da busasshiyar citta, ya tafasa a buta, ya bari ya taso sau uku yana ɗaukewa. Ya ce a Sudan tukunyar ƙasa ce mai dogon wuya ake zubawa a ciki, jabana, a toshe bakinta da zaren dabino don ya tace, a sha a 'yan ƙananan finjali da suga mai yawa.

Da ya kurɓa sai ya rufe ido. Bai ce komai ba, mu ma ba wanda ya yi magana. Da ya buɗe ya ce rabonsa da wannan tun ranar da suka bar gida.

Na sha nawa. Ɗaci ne mai daɗi, citta na bin maƙogwaro, kuma ƙamshin yana zama a baki har azahar. Kawu ya ɗanɗana ya ce ba laifi, amma shi shayinsa ya fi masa. Ya dai ce daga yau dattijon nan ba ya biyan kuɗin abin da ya sha.

Mako guda ke nan yana zuwa da wuri yana koya wa yaron Kawu. Muna sayar da finjali goma sha biyar zuwa ashirin a rana. Ba wani ciniki ba ne babba, amma masu sha suna dawowa. Na kai wa wata mai ginin tukwane zanen jabana da dattijon ya yi min a takarda, ta ce za ta gwada.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Kofunan gilas da na sayo shida sun tsage, ruwan zafi a kan gilas mai sanyi da asuba. Mun koma na silba da na roba.

Na buɗe wa Kawu asusun karɓar taransifa, don samari da yawa ba sa yawo da tsabar kuɗi tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023. Lambar na jikin allo, wayar na hannun yaro. Sau biyu wasu sun nuna shaidar tura kuɗi ta ƙarya sun tafi. Yanzu sai saƙo ya shigo.

Da na zo daidaita lissafi na roƙi Kawu littafin bashi. Ya yi jinkiri kafin ya ciro shi daga ƙarƙashin leda. Littafin makaranta ne mai shafi tamanin, ya sha mai da shayi, an rubuta shi da ajami. Babu cikakken suna ko ɗaya, sai laƙabi: mai gadin gidan bene, direba dogo, baban 'yan biyu. Na fara kwafewa a sabon littafi ina tarawa, jimillar ta tayar min da hankali, ta kusa kuɗin solar da na saka.

Wasu sunayen an ja musu layi ɗaya, wasu biyu. Na tambaya. Ya ce layi ɗaya ya biya. Layi biyu kuwa ko ya rasu, ko kuma ya ga halin da yake ciki ya yafe. Na ƙirga masu layi biyu a littafin nan kaɗai, ashirin da uku. A cikinsu na gane wani da har yanzu yake zuwa kullum, yana zama a ƙarshen benci, ana ba shi ruwan bunu da rabin burodi, ya ce "a rubuta", Kawu ya ce "an rubuta". Ba ya rubutawa.

Na ce, "Kawu, a haka yaushe za ku tara wani abu?"

Ya ce, "Lokacin da mahaifinka ya yi jinyar wata bakwai, a ina kake zaton kuke samun shayin safe? Teburin nan ba nawa ba ne a lokacin, yaron shago nake. Maigidana ne ya ja layi biyu."

Ban san wannan ba sai yau. Na mayar masa da tsohon littafinsa. Sabon zan riƙa rubuta saye da sayarwa ne kawai a ciki, kuma na ware wani abu kaɗan daga cinikin gahawa duk mako don ya riƙa cike gurbin bashin, kada jarin ya karye.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato, gobe za a fara duban wata. Mun sayo suga buhu ɗaya da madara katan biyu kafin farashi ya motsa. Benci na huɗu ya iso. Jabanar farko ta fashe a wurin gashi, mai tukwane ta ce wuyan ya yi siriri, za ta sake.

Kwanon rumfa yana buƙatar silin kafin zafin Afrilu, in ba haka ba wurin ba zai zaunu da rana ba. Kuɗin adashi sun ƙare. Kafinta ya ce zana ko asabari a ƙarƙashin kwanon za su rage zafi, kuma ba su kai silin tsada ba.

Laraba, 5 ga Maris

Yau azumi biyar, an ɗauka ranar Asabar. Aikin ya juye gaba ɗaya. Mai ƙosai tana ɗora kasko bayan la'asar, kafin magariba layi ya kai bakin kwata, ta ƙara da kunun tsamiya. Kawu yana hura gawayi dab da shan ruwa, amma cikar wurin sai an sauko daga asham. Daga nan har ƙarfe ɗayan dare benci huɗun ba sa isa, wasu a kan tabarma suke zama. Sai a ɗan runtsa, ƙarfe uku da rabi a sake buɗewa saboda gwauraye da matafiya masu neman sahur. Hasken sola yana kai mu har asuba in ba a yi cajin waya da yawa ba, don haka na hana caji bayan sha biyu.

Gahawa ta sami kasuwa fiye da da, masu son tsayuwar dare ne suke nema. Jiya mun sayar da finjali arba'in da ɗaya, 'ya'yan da suka rage ba za su kai mako biyu ba. Na kira mutumin Gembu, ya ce motar da za ta taso ranar Asabar za ta taho da kwano huɗu.

Jabana ta biyu ta iso da yamma, baƙa, wuyanta ya ɗan karkace. Dattijon ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa cikinta da farce ya saurara, ya ce za ta yi. Zaren dabino ne ba mu samu ba, ya ce a nemo masa soson wanka na gargajiya sabo a wanke shi sosai. Yaro ya tafi nema. Asabarin rufi kuma sai ranar Lahadi zan je in yi ciniki.